Yadda ake ba yaro sitiroyid idan tarin haushi ya kama shi

Yaro mai shekara biyu ya wuni da 'yar mura, hanci na yoyo, jiki da ɗumi-ɗumi, ba wanda ya damu. Can tsakar dare sai ya farka da wani busasshen tari mai kama da haushin kare, murya ta dishe, kuma duk jan numfashin da zai yi sai wata ƙara mai kaushi ta fito daga maƙogwaronsa. Wannan shi ne tarin haushi, wanda likitoci ke kira kurup. Ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 3, yakan kai har 'yan shekara 6, kuma maza sun ɗan fi mata kamuwa. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, galibi wadda ake kira farainfuluwenza, wani lokaci kuma infuluwenza, RSV, ko korona.

Maganin da aka tabbatar yana aiki a kansa shi ne sitiroyid, wato maganin rage kumburi, awo ɗaya tal, ta baki, ga duk yaron da aka haƙiƙance kurup ne, ko da mai sauƙi ne. Bayar da shi ba wuya. Kuskuren da ake yi bai wuce uku ba: a ba yaron da ciwonsa ba kurup ba ne, a rikita miligiram da mililita wajen lissafi, ko a yi ta ɗura masa kwana da kwanaki. Bayanin nan na ma'aikatan lafiya ne da iyayen da ke son sanin abin da ake yi wa ɗansu. Ko za a bayar, da nawa za a bayar, wannan hukunci ne na ma'aikacin da ya duba yaron da idonsa.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro

Ƙasa kaɗan da inda murya ke fita akwai wani zoben guringuntsi da ya kewaye hanyar iska gaba ɗaya. Ba ya buɗewa, ba ya miƙewa. Idan bairos ya sa tantanin da ke cikinsa ya kumbura, kumburin ba shi da wajen zuwa sai ciki, wato cikin hanyar da iska ke bi. A ɗauka faɗin hanyar milimita 4 ne, kamar yadda yake ga jariri. Kumburin milimita 1 ta kowane gefe zai mayar da faɗin milimita 2. Filin da ya rage wa iska kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, kuma wahalar turo iska ta ninka kusan sau 16. Wannan kuwa idan yaro yana kwance lafiya ne. Da ya fara kuka, iska ta rikice tana juyi a cikin ƙunci, sai wahalar ta ƙara hawa. Babban mutum mai hanyar milimita 8, irin wannan kumburi ba abin da zai yi masa illa dishewar murya.

Sitiroyid ba ya kashe bairos. Aikinsa shi ne ya hana ruwa tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini zuwa cikin tantanin, ya lafar da kumburi, hanya ta ɗan buɗe. Tunda lissafin ƙunci haka yake, ragin rabin milimita ma babban sauƙi ne.

Kafin a buɗe kwalba

Abu na farko: kada a tayar wa yaro hankali. A bar shi a cinyar uwarsa, a zaune yadda ya ga dama. A ce mata, "Mama, ɗaga masa riga kawai, mu gani daga nan." Kusan duk abin da ake buƙatar sani ana ganinsa daga nesa da taku biyu: yadda ƙirji ke motsi, ƙarar da ke fita, ko yana kallon mutane ko ya yi laushi. Ba a danna masa harshe da katako don leƙa maƙogwaro, ba a kwantar da shi da ƙarfi, ba a ɗibar jini, kuma hoton wuya ko na ƙirji ba shi da amfani idan alamomin sun fito sarai. Yaron da ke numfashi da ƙyar, kuka na iya toshe ɗan abin da ya rage masa.

Na biyu, a tabbata kurup ne. Akwai cututtukan da ke aron muryarsa, kuma sitiroyid shi kaɗai ba zai ceci yaro daga gare su ba.

Yaron da ke zazzaɓi mai zafi, ya zauna ya miƙa wuya gaba, baki buɗe, miyau na dalala don ba ya iya haɗiya, kuma ba ya wani tarin haushi, a yi zargin kumburin murfin maƙogwaro, wanda bakteriyar Hib ta fi kawowa ga yaran da ba a yi wa rigakafinta ba. Wanda ya fara kamar kurup na kwana biyu ko uku sannan jiki ya rikice, zazzaɓi ya hau, ya galabaita, magani kuma bai taɓa shi ba, mai yiwuwa bakteriya ce ta shiga bututun iska ta tara majina mai kauri. Wanda yake wasa lafiya lau da rana, ba mura ba zazzaɓi, nan take ya shaƙe ya fara ƙara, a tambaya me ke hannunsa ko bakinsa, domin wani abu ne ya faɗa hanyar iska. Wanda leɓe ko fuska suka kumbura, jiki ya yi borin jini bayan cin wani abu, shan magani ko harbin ƙwaro, allurar adarnalin a cinya yake buƙata yanzu-yanzu. Sai mashaƙo: yaro bai cika rigakafi ba, wuya ya kumbura, akwai wani tantani fari-fari ko toka-toka manne a maƙogwaro. Wannan sai maganin karya dafin mashaƙo da antibayotik da killacewa. Ƙyanda ma tana zuwa da irin wannan ƙara, kuma nata yakan fi tsanani.

A kuma bambance ƙarar jan numfashi da ƙarar fitar da shi. Ta kurup tana fita ne lokacin shaƙa, daga wuya. Ta asma siririya ce kamar fito, lokacin fitar da iska, daga ƙirji. Rikita su ne ke sa a yi ta shaƙa wa mai kurup salbutamol, maganin asma, wanda ba ya aiki a inda ƙuncin yake, sai dai ya ƙara wa zuciya gudu.

Na uku, tsananin ciwon. Akwai ma'aunin maki na Westley, wanda aka fitar a 1978, mai duba abu biyar: ƙarar shaƙa, lotsawar ƙirji, shigar iska, launin jiki da hayyaci, jimilla maki 17. Maki 2 zuwa ƙasa mai sauƙi ne, 3 zuwa 7 matsakaici, 8 zuwa 11 mai tsanani, 12 zuwa sama numfashi na gab da tsayawa. Ya fi amfani a bincike. A gaban mara lafiya tambaya ɗaya ce ta fi raba gardama: idan yaro ya natsu, ana jin ƙarar ko ba a ji? Idan sai ya yi kuka take fita, mai sauƙi ne. Idan ana jin ta yana zaune shiru, ga ramin wuya da tsakanin haƙarƙari na lotsawa, matsakaici ne. Idan ga ƙara, ga lotsawa mai zurfi har ƙashin ƙirji na faɗawa, yaro ya kasa natsuwa ko ya fara laushi, mai tsanani ne.

Hattara da wani tarko. Ƙarfin ƙara ba shi ne ma'aunin tsanani ba. Yaron da ya gaji ba ya iya jan iskar da za ta yi ƙara. Idan ƙarar ta ragu amma yaro ya yi lakwas, ido na lumshewa, harshe da dasashi sun koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, wannan ba sauƙi ba ne, hanya ce ke rufewa.

Lissafin awo

Maganin da aka fi so shi ne deksametason. A jikin kwalba za a ga an rubuta Dexamethasone, ma'aikata kuma deksa suke cewa. Dalilin fifita shi: aikinsa a jiki yana kaiwa awa 36 zuwa 72, kuma kurup ya fi tsanani a dare biyu zuwa uku na farko. Awo ɗaya ya rufe wannan lokaci.

Awon da ake amfani da shi biyu ne. Babba shi ne miligiram 0.6 a kowane kilo na nauyin yaro, wanda littafin kula da yara a asibiti na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayar, kuma shi aka fi bi a Amurka da Kanada. Ƙarami shi ne miligiram 0.15 a kowane kilo, wanda Ingila da Ostareliya suka fi bi. Tushen ƙaramin wani bincike ne da Geelhoed da Macdonald suka yi a birnin Perth na Ostareliya a 1995, inda suka gwada 0.15 da 0.3 da 0.6 ba su ga bambanci ba. A ganinmu, ga mai sauƙi da matsakaici 0.15 ya wadatar, ga mai tsanani kuwa a ba da 0.6, tunda yawancin yaran da aka gwada wa ƙaramin awo ba masu tsanani ba ne. Babban awo yana da iyaka, tsakanin miligiram 10 da 16 gwargwadon ƙa'idar asibiti, komai girman yaro. Wanda asibitinsa ke da rubutacciyar ƙa'ida, ita zai bi.

Wasu na tambaya: yaron da ke wasa, ƙara sai ya yi kuka, me zai yi da sitiroyid? An amsa wannan a Kanada a 2004. Yara 720 masu kurup mai sauƙi aka raba biyu, aka ba rabi deksa, rabi kuma ruwan da ba magani a ciki. Cikin kwana bakwai, kashi 15.3 cikin 100 na waɗanda ba su sami magani ba sun koma neman likita, waɗanda suka samu kuwa kashi 7.3 ne. Ƙari a kan haka, yaran da suka sha sun fi samun barci. Yaron da aka gani da rana da sauƙi, shi ne dai ke iya rikicewa da dare.

A ɗora yaro a sikeli. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan dai kimar ido ba ta isa ba. Idan zai yi kuka, a auna uwa riƙe da shi, a auna ta ita kaɗai, a cire. Idan babu sikeli sam, ga yaro mai shekara 1 zuwa sama ana iya ƙara 4 a kan shekarunsa a ninka biyu: mai shekara 2 zai kama kilo 12. Wannan ƙiyasi ne, kuma yana zarce gaskiya ga yaro ramamme.

Mu ɗauki yaro mai kilo 12. Ƙaramin awo: 12 sau 0.15, miligiram 1.8. Babban awo: 12 sau 0.6, miligiram 7.2. Zuwa nan ba matsala. Matsalar tana wajen mayar da miligiram zuwa abin da za a zuƙa a sirinji, domin deksa yana zuwa da ƙarfi iri-iri.

Ruwan deksa na sha mai miligiram 2 a cikin mililita 5, wato 0.4 a kowace mililita: ƙaramin awo mililita 4.5 ne, babba mililita 18. Na sha mai miligiram 1 a kowace mililita: mililita 1.8 da 7.2 daidai. Akwai kuma wani mai rauni, miligiram 0.5 a cikin mililita 5. Da shi, babban awo zai kama mililita 72, abin da yaro mai haki ba zai taɓa shanyewa ba, kuma wasu nau'o'insa da barasa a ciki. Ruwan allura mai miligiram 4 a kowace mililita: ƙaramin awo mililita 0.45, babba mililita 1.8. Ruwan allura mai miligiram 10 a mililita: babba mililita 0.72 kacal. A dubi tazarar da ke tsakanin 0.72 da 72. Awo ɗaya ne, yaro ɗaya ne, kwalba ce kawai ta bambanta. Shi ya sa ba a rubuta "deksa mil 5" a takarda. A rubuta nauyin yaro, a rubuta miligiram, sannan mililita tare da ƙarfin kwalbar da ke hannu, kuma mutum na biyu ya sake lissafawa. Sifilin da ke gaban ɗigo ma a rubuta shi ɓaro-ɓaro, don kada 0.6 ta koma 6.

Wani abu da ke ɗaure wa sababbin ma'aikata kai: wasu kwalaben allura an rubuta 3.3, wasu 4, alhali maganin ciki ɗaya ne. Na farko sun ƙirga zallar deksametason, na biyu sun haɗa da gishirin fosfet da aka ɗaure shi da shi. Ga awo ɗaya na kurup wannan bambanci ba ya cutarwa. A bi abin da ke rubuce a kwalbar.

Idan ƙwaya ce kawai ake da ita, ana niƙawa. Ƙwayar 0.5 guda huɗu ta ba da miligiram 2, wanda ya yi kusa da ƙaramin awon yaron namu. Babban awo kuwa zai ci kusan guda goma sha huɗu, don haka ƙwayar miligiram 2 ko 4 ta fi dacewa da shi. Ɗan ƙari ko ragi don a dace da ƙwaya ba laifi ba ne, tunda tsakanin 0.15 da 0.6 duk awo ne mai aiki.

Yadda za a ba shi ya sha

Baki ya fi allura. Deksa yana shiga jini sosai ta hanji, gwaje-gwaje ba su nuna allura ta fi shi aiki ba, kuma allura na kawo kukan da ake gudu. Ruwan allurar ma ana ba da shi ta baki, kuma sau da yawa shi ya fi sauƙi saboda ƙarancinsa: a zuƙa a sirinji, a cire allurar, a gauraya da ɗan ruwa mai zaƙi cokali ɗaya don ɓoye ɗaci. Kada a zuba shi cikin cikakken kofi ko kwalbar madara. Yaro ya sha rabi ya ture, ba wanda ya san nawa ya shiga.

Uwa ce ta fi dacewa ta bayar, yaro na zaune a jikinta, kai a miƙe. A sa bakin sirinji ta gefen kunci, a matsa kaɗan-kaɗan, kamar rabin mililita zuwa ɗaya, a jira ya haɗiye. Ba a fesa shi kai tsaye cikin maƙogwaro, ba a toshe hanci, ba a danne yaro a kwance. Mai numfashi da sauri yana saurin ƙwarewa. Cokalin cin abinci kuma ba ma'auni ba ne, girmansa ya bambanta.

Idan ya amayar nan take, ko cikin kamar minti 15 zuwa 30, yawancin ƙa'idoji sun yarda a sake ba shi sau ɗaya. Idan an fi haka, a ɗauka ya shiga. Idan ya sake amayarwa, a canza hanya: deksa ta allurar tsoka a gefen cinya na waje, ko ta jijiya idan da ma an riga an sa masa robar ƙarin ruwa, ko kuma budesonayid, wani sitiroyid da ake shaƙa.

Idan babu deksa

Firednisolon, wanda ake rubutawa Prednisolone, shi ne madadi: miligiram 1 a kowane kilo, wasu ƙa'idoji har 2. Yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 12, a aikace ƙwayar miligiram 5 guda biyu da rabi. Kada a ga lambar ta fi girma a tsorata, miligiram 0.75 na deksa daidai yake da miligiram 5 na firednisolon. Haɗarin yana ta ɗaya gefen, wato a ɗauki awon firednisolon a zuba wa deksa.

Rauninsa biyu ne. Ya fi ɗaci da sa amai, kuma aikinsa ya fi gajarta, awa 12 zuwa 36, don haka yana iya sakin yaro a dare na biyu. A wani gwaji na 2006, kashi 29 cikin 100 na yaran da suka sha firednisolon sun dawo asibiti, na deksa kuwa kashi 7. Wani gwajin da ya fi girma a 2019, mai yara sama da 1,200, bai ga firednisolon ya gaza ba. Saboda wannan saɓani ne wasu asibitoci ke ba da awo na biyu a sha washegari da yamma idan firednisolon aka fara da shi.

Budesonayid kuwa shaƙa ake yi ta nebulaiza, na'urar da ke mayar da ruwan magani kamar tururi, miligiram 2 sau ɗaya. Yana aiki, amma bai fi deksa ba, ya fi tsada, kuma yana buƙatar yaro ya zauna da takunkumi a fuska minti goma zuwa sha biyar, abin da yara da yawa ba sa yarda da shi sai da kuka. Wurinsa shi ne yaron da ke amai ko wanda ba zai iya haɗiya ba. Haɗa shi da deksa ba ya ƙara komai. Ƙaramar inhela ta masu asma ba ta maye gurbinsa.

Yaron da ba zai iya jira ba

Sitiroyid yana ɗaukar lokaci. Wani yaron ana ganin sauƙi cikin rabin awa, amma abin da za a dogara da shi kamar awa biyu ne, kuma sauƙin na ci gaba har awa shida zuwa sha biyu. Mai tsanani ba shi da wannan lokaci. Shi adarnalin ake shaƙa masa ta nebulaiza: mai ƙarfin miligiram 1 a mililita, wanda aka rubuta 1:1000, mililita 0.5 a kowane kilo, iyaka mililita 5. Ke nan daga kilo 10 zuwa sama mililita 5 ne. Ƙa'idar Ingila miligiram 0.4 ce a kilo, iyaka miligiram 5, littafin Hukumar Lafiya ta Duniya kuma mililita 2 ya ce. A kula da abu biyu: wannan awo na shaƙa ne kawai, idan aka yi allurarsa zai iya kashe yaro, kuma kwalbar 1:10,000 ta fi rauni sau goma, ba ita ake nufi ba.

Adarnalin yana tsuke jijiyoyin jinin da ke cikin kumburin, cikin minti goma zuwa talatin sai a ga yaro ya sami sarari. Amma kafin awa biyu aikinsa ya gushe, ciwon ya koma inda yake. Don haka ba a ba da shi shi kaɗai. A shaƙa adarnalin, da zarar yaro ya iya haɗiya a ba shi deksa, ta yadda lokacin da na farko zai saki, na biyu ya kama. Duk yaron da ya shaƙi adarnalin sai an tsare shi awa biyu zuwa huɗu ana kallo, komai kyawun da ya yi. Bugun zuciya da sauri da ɗan koɗewar fata abu ne da aka saba gani. Wanda ya buƙaci shaƙa ta biyu, gado za a ba shi. Wanda adarnalin bai motsa ba sam, a koma a sake tunanin ko kurup ne.

Oksijin ana ba da shi idan na'urar yatsa mai auna oksijin ta nuna ƙasa da kashi 92 cikin 100, ko yaro na cikin wahala a fili. Uwa ta riƙe bututun kusa da hancinsa idan ya ƙi takunkumi. A sani cewa a kurup oksijin ba ya sauka sai hanya ta kusa rufewa, don haka lamba mai kyau a na'ura ba hujjar kwanciyar hankali ba ce. Kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa ga sa bututun numfashi, kuma idan ta kai, ana zaɓar bututun da ya fi na shekarunsa ƙanƙanta da rabin lamba zuwa ɗaya, a hannun wanda ya fi kowa ƙwarewa a wurin.

Bayan an bayar

Ana sallamar yaro idan ba ƙara lokacin da ya natsu, ƙirji ya daina lotsawa, launi da hayyaci daidai, yana shan ruwa ko nono, kuma iyaye na da halin dawowa cikin dare. Jariri ƙasa da wata 6, yaron da da ma hanyar iskarsa ke da matsala, ko wanda gidansu ke da nisa da asibiti kuma dare ya yi, gara a riƙe su.

A faɗa wa iyaye tun a nan cewa tarin ba zai ɗauke yau ba. Sitiroyid yana buɗe hanya ne, haushin kuwa yakan ɗauki kamar kwana biyu, mura da ɗan tari har mako. Idan ba a faɗa ba, uba zai ji tari a dare na biyu ya ɗauka magani bai yi ba, ya nemo wata kwalbar. Ta nan ake faɗawa cikin shan deksa na kwana biyar ko goma, wanda ba shi da wata hujja a kurup. Awo ɗaya illarsa kaɗan ce: wani yaron ya yi ta zirga-zirga ko barci ya yi masa wuya dare ɗaya, wani ya yi amai, mai ciwon sukari kuma sukarinsa na iya hawa kwana ɗaya ko biyu, sai a ƙara yawan aunawa. Awo ɗaya ba ya tauye girma, ba ya kuma hana rigakafin da ke tafe. Maimaitawa ce ke raunana garkuwar jiki, ta buɗe ƙofa ga bakteriya da ƙwayar farin baki a maƙogwaro, idan ta daɗe kuma ta kumbura fuska, ta rage tsawo, ta sa jiki ya daina yin nasa sitiroyid ɗin. Awo na biyu na deksa, bayan awa 12 zuwa 24, na yaron da ke asibiti ne ko wanda aka sake dubawa aka ji ƙarar ba ta tafi ba.

Kafin a bayar tun farko, a tambayi abu uku: ko yaro ya yi cuɗanya da mai ƙarambau kwanan nan alhali bai taɓa yi ba, ko garkuwar jikinsa na da rauni, ko ana zargin tarin fuka. Waɗannan ba sa hana magani ga yaron da numfashinsa ke cikin haɗari, amma ga mai sauƙi suna sa a tsaya a auna.

A gida, aikin iyaye shi ne rarrashi, zaunar da yaro a miƙe idan tarin ya taso, ba shi abin sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, da nisanta shi daga hayaƙi. Wani ya kwana kusa da shi. Idan zazzaɓi ya dame shi, farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, duk awa shida, kada ya wuce sau huɗu a awa 24. Ba a ba yaro asfirin. Maganin tari da na mura ba sa taɓa kurup, masu sa barci cikinsu kuwa haɗari ne, domin suna ɓoye laushin da ake son a gani da wuri. Antibayotik ba ya aiki a kan bairos. Sirace da ruwan zafi an daɗe ana yi, amma da aka gwada tururi a asibiti ba a ga ya rage komai ba, ƙonewar yara da tafasasshen ruwa kuwa ana ganinta. Iska mai sanyi ta ɗan fi shi hujja: wani gwaji a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan da aka buga a 2023 ya nuna rabin awa a iskar da ba ta kai digiri 10 ba tana kawo sauƙi na ɗan lokaci, ga yaran da an riga an ba su deksa.

A dawo asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba idan ana jin ƙarar shaƙa yaro na zaune shiru, ko ƙirji da ramin wuya na lotsawa, ko miyau na zuba ya kasa haɗiya, ko ya ƙi shan komai, ko zazzaɓi ya tashi jiki ya rikice. Idan ya yi laushi, yana wuyar tashi, ko leɓe da harshe sun sauya launi, wannan na gaggawa ne; a ɗauke shi a zaune a jikin babba, kada a ba shi komai ta baki a hanya.

Wasu yara kurup na dawo musu, sau da yawa farat ɗaya cikin dare ba zazzaɓi, ya lafa kafin safe. Kowane zuwa ana bi da shi kamar yadda aka bayyana, da sabon awon nauyi, tunda yaro na girma. Amma wanda ya yi ta maimaitawa a shekara, ko ya fara kafin wata 6, ko ya wuce shekara 6 bai daina ba, ko ƙararsa ba ta tafiya tsakanin ciwo da ciwo, ko aka taɓa sa masa bututun numfashi yana jariri, a tura shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a leƙa hanyar iskar da kyamara. Abin da ake nema shi ne ƙuncin da aka haife shi da shi ko wanda bututu ya bari, dunƙulen jijiyoyin jini a ƙasan inda murya ke fita, ko ruwan ciki mai tsami da ke tasowa yana ƙona wurin.